Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga malaman injiniya da na kwamfuta a jihar Kaduna, kan bayan ɗan dako

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Malamai, Allah ya gafarta muku, ya ƙara ilimi mai amfani. Ina gaishe ku da aiki, na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da muke kira Poli, da na Jami'ar Jihar Kaduna, da duk mai koyar da injiniyanci ko kimiyyar kwamfuta a faɗin jihar nan. Ina haɗawa da ɗalibanku, musamman 'yan ajin ƙarshe masu neman abin da za su yi furojet a kai.

Ni ma'aikacin sashen gashin ƙashi ne a wani asibiti cikin garin Kaduna. Kaso mai tsoka na mazan da ke hawa gadona 'yan dako ne, da leburorin gini, da masu buga bulo, da yaran sito. Kusan dukkansu magana ɗaya suke zuwa da ita: "Likita, bayana ya riƙe." Wani ya ce ƙugunsa ne ya sare, wani ya ce jijiya ke jan sa tun daga ɗuwawu har babban ɗan yatsan ƙafa. Kafin su iso wurina yawanci sun sha maganin basir, an yi musu ƙaho, sun gaji da ƙwayar kemis. In gasa su, in koya musu motsa jiki, su ɗan ji dama-dama, su koma bakin tirela, bayan 'yan watanni in sake ganin su a layi. Ni sai ɓarna ta auku ake nemana. Ku ne za ku iya shan gabanta, shi ya sa na rubuto muku.

Roƙona shi ne ku gina mana manhaja mai kwaikwayon gwani, wadda za a gaya mata yadda ake ɗaga kaya a wuri kaza, ta faɗi girman haɗarin da ke kan bayan mai ɗagawa, ta kuma faɗi abin da za a gyara. Masu bincike a ƙasashe da dama, har da nan Najeriya, sun jima suna gina irinta, don haka ban zo da sabon abu ba. Abin da ke damuna shi ne irin wadda za ta fito in aka kwafo lissafi daga littafi aka zuba wa kwamfuta, ba a taka kasuwa ba.

Tun da wasiƙar a buɗe take, kuma ina fata 'yan kasuwa da shugabannin 'yan dako su ma su gan ta, ku yi mini haƙuri in ɗan maimaita abin da kuka fi ni sani. Ana gina irin wannan manhaja ne ta hanyar zama da ƙwararre a tambaye shi yadda yake yanke hukunci, a rubuta amsoshinsa ƙa'ida-ƙa'ida: idan kaya ya kai nauyi kaza, kuma daga ƙasa ake ɗauko shi, kuma sai mutum ya juya ƙugu, to haɗari ya kai kaza. A tara ƙa'idojin a rumbu guda, a haɗa da sashen da ke bin su ɗaya bayan ɗaya har ya kai ga hukunci, da wani sashen da zai iya faɗin dalili in an ce masa "don me?". A Jami'ar Stanford ta Amurka abin ya samo asali, da manhajar DENDRAL a 1965, sai MYCIN a shekarun 1970, wadda Edward Shortliffe ya gina da ɗaruruwan ƙa'idoji don ta taya likita zaɓen maganin ƙwayoyin cutar da suka shiga jini. A gwaji ta yi kafaɗa da kafaɗa da ƙwararrun likitoci, amma ba a taɓa sa ta aikin yau da kullum a ɗakin majinyata ba. Duk mai shirin gina irinta ya kamata wannan ya tsaya masa a rai.

A can ƙasan gadon baya, tsakanin ƙashin ƙugu na biyar da ƙashin da ke bin sa, akwai wani faifan guringuntsi da ke zaune kamar gammo tsakanin kai da kaya. Tsokar da ke miƙar da baya tana ja ne daga tazarar santimita 5 ko 6 kacal daga wannan faifai, kayan da ke hannu kuwa yana iya yin nisan santimita 40 ko 50. Ke nan kowane kilo ɗaya da ke hannu sai tsoka ta ja ninkinsa takwas zuwa goma kafin mutum ya miƙe, ban da nauyin gangar jikin da ya sunkuyar. Duk wannan ja a kan faifan yake sauka. Hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, NIOSH, ta sa iyakar matsin da ya kamata ya hau wurin a niyutin 3,400, wato kamar a ɗora masa kilo 350. A kan wannan iyaka, da ƙarfin zuciya da huhu, da abin da ma'aikata suka ce suna iya jurewa, hukumar ta gina lissafinta na ɗaga kaya, wanda ta fara fitarwa a 1981 ta gyara a 1991. Shi ne ginshiƙin da yawa daga cikin manhajojin da ake ginawa a wannan fage, kuma ina kyautata zaton shi ɗalibinku zai fara cin karo da shi.

Lissafin ya fara ne da kilo 23. Wannan shi ne mafi nauyin abin da ya yarda mutum ya ɗaga da hannu biyu in komai ya yi daidai: kaya na manne da jiki, yana daidai tsayin santimita 75 daga ƙasa, yana da mariƙi mai kyau, ba juya ƙugu, ba yawan maimaitawa. Daga nan sai ya yi ta rage wannan 23 ɗin gwargwadon yadda aikin ya kauce wa haka.

Mu ɗauki yaron sito da buhun siminti, wanda kowa ya san kilo 50 ne. Buhun na kwance a ƙasa, sauran buhuna sun tokare masa ƙafa, hannayensa sun yi nisan santimita 40 daga tsakiyar idon sawunsa. Nisan nan kaɗai ya mayar da 23 zuwa 14 da 'yan kai. Da yake daga daɓe zai ɗauko, ta koma 11. Zai kai shi kafaɗa, tafiyar santimita 150, ta koma 9 da rabi. Sai ya juya ƙugu digiri 45 don ƙofa na gefensa, ta koma 8. Yana yin haka sau biyu a minti har kusan awa biyu, ta sauko ƙasa da 7. Buhu kuma ba shi da mariƙi, sai dai a cusa yatsu ƙarƙashinsa ko a kama kunnensa, ta tsaya a 6. Kilo 6 lissafi ya yarda masa, shi kuwa 50 ya ɗauka. In an raba 50 da 6 za a sami 8 da ɗoriya. Masu lissafin sun ce da zarar wannan adadi ya wuce 1 haɗari ya fara ƙaruwa, in ya wuce 3 kuwa yawancin ma'aikata suna cikin babban haɗari.

To a nan gizo ke saƙar. Ko da an daidaita wa yaron nan komai, 50 a raba da 23 ya haura 2. Buhun masara irin wanda ake lodawa daga Saminaka ko Giwa, da ake yi wa kuɗin kilo 100, ya haura 4 tun ba a fara rage komai ba. Taki 50, shinkafa 50, sukari 50, fulawa 50. Ku zagaya Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, ku bi ta Kawo, ku shiga sitocin Kakuri da Kudenda, da wuya ku ga buhun da manhaja mai bin littafi ba za ta nuna wa jan launi na haɗari ba. Manhajar da ke cewa ja a kan komai ba ta ƙara wa kowa sani. Ɗan dako ya riga ya san aikinsa na cin jiki, bayansa na gaya masa kowace asuba in zai tashi salla. Alhajin da ke da sito shi ma ya sani. In aka nuna masa ja sau uku zai ce to sai a rufe kasuwa ke nan, ya mayar da waya aljihu, magana ta mutu.

Abin da zai amfane mu shi ne manhajar da ta san bambancin ja da ja, wadda za ta iya cewa wannan gyaran zai rage haɗari da rabi, wancan kuwa ɓata kuɗi ne. Mu koma kan yaron siminti. A jera buhunan a kan dakali yadda hannunsa zai kama su a tsayin santimita 75, a share masa wurin taka ƙafa ya matso har nisan ya dawo 30, a juya jerin ya fuskanci ƙofa don kada ya murɗa ƙugu. Ba a rage masa gudu ba, ba a sa wa buhu mariƙi ba, amma abin da lissafi ya yarda masa ya tashi daga 6 zuwa kusan 13, adadin haɗari ya sauko daga 8 zuwa 4. Bulo kaɗan da filanki ne kuɗin wannan gyara. In kuma buhun ya zama kilo 25, yadda ake ƙunsa siminti a Ingila, adadin ya dawo 2. Har yanzu bai zama lafiya lau ba, amma tsakanin 8 da 2 akwai shekaru na ƙarfin mutum. Wannan shi ne irin bayanin da ɗan kasuwa zai tsaya ya saurara, don ya ga abin da zai kashe da abin da zai samu.

Sai kuma abin da littafin da kansa ya ce kada a yi da shi. Masu lissafin NIOSH sun rubuta ƙarara cewa bai shafi ɗaga kaya da hannu ɗaya ba, ko aikin da ya wuce awa takwas, ko ɗagawa a durƙushe ko a matsattsen wuri, ko kayan da ke motsi a hannu, ko tafiya da kaya, ko tura baro, ko aikin shebur, ko ƙasa mai santsi. Sun ƙara da cewa zafin wuri ya kasance tsakanin digiri 19 da 26, laimar iska kuma tsakanin kashi 35 da 50 cikin ɗari. Don Allah, malamai, wace rana ce a Kaduna ta cika waɗannan sharuɗɗa da tsakar rana? A Maris da Afrilu zafi kan haura 35, kuma cikin sito mai rufin kwano ya fi haka. Da hunturu iska ta bushe ƙayau, da damina ta jiƙe sharkaf, ƙasar kasuwa ta zama taɓo. In kuma azumi ya faɗo a tsakiyar zafin, mutum na sauke tirela ba ruwa a cikinsa tun sahur. Tsokar da ta gaji ba ta riƙe gadon baya yadda ya kamata, kuma da yawan waɗanda ke zuwa wurina da yamma abin ya same su, a buhunan ƙarshe.

Yadda ake sauke tirela a nan ma bai yi kama da aikin da aka gina lissafin a kansa ba. Mutum biyu ne a saman mota, kowa ya kama kunnen buhu biyu, su ɗan lilo shi, su ɗora wa na uku a ka ko a wuya. Shi kuma ya juya, ya bi filankin da aka jingina, filankin na lanƙwasa ƙarƙashinsa, ya taka ƙasa da silifas, ya yi ɗan sassarfa zuwa sito, ya hau kan buhunan da aka riga aka jera, ya karkata kafaɗa ya watsar. Na saman mota suna sunkuye suna murɗa ƙugu daga farko har ƙarshe. Na ƙasa kuwa nauyi a wuyansa yake sauka, lokaci guda, da ƙarfin lilon da aka yi. Tirelar siminti mai buhu 600 tan 30 ce. In mutum shida ne ke dakon, tan biyar ya bi ta wuyan kowannensu kafin mota ta tashi. Babu gurbin ko ɗaya daga cikin wannan a lissafin. Akwai wasu ma'aunai da suka fi kusa: teburin Snook na 1978 da aka gyara a 1991 ya haɗa da tafiya da kaya da turawa da ja, OWAS da aka ƙirƙira a masana'antar ƙarfe a Finland da REBA na 2000 suna duba yanayin tsayuwa da sunkuyo, ma'aunin MAC na hukumar kare ma'aikata ta Birtaniya yana da sashen ɗagawar mutum biyu ko fiye. Amma dukkansu a jikin mutanen Turai da Amurka aka auna su, a wuraren da ba a dako da ka.

Dakon ka ɗin nan fili ne da ke jiran ku. A 1986 wasu masu bincike sun wallafa cewa matan Luwo da Kikuyu na Kenya kan ɗauki kayan da ya kai kashi 20 cikin ɗari na nauyin jikinsu a ka ba tare da sun ƙara ƙona kuzari ba. Daga baya wasu da suka gwada a Afirka ta Kudu sun ga ba kowa ke samun wannan rangwame ba, kuma matan sun koka da ciwon wuya. Wannan fa kashi 20 ake magana. Namu ɗan dakon mai nauyin kilo 60 yana ɗaukar buhun da ya kusa ninka shi biyu. Ku ne ke da ɗakunan gwaji da ɗalibai, kuma kasuwannin suna bakin ƙofarku.

Na ce gwani ake tambaya a gina rumbun ƙa'idoji. To wane ne gwanin? In an ce injiniya da likitan ƙashi da irinmu masu gashi, na yarda, amma ba mu ishe ku ba. Dattijon da ya shekara talatin yana dako bai gurgunce ba ya san abubuwan da ba mu sani ba. Ya san ba a haɗa dogo da gajere a kama buhu ɗaya, don nauyi kan gajeren yake gangarawa. Ya san buhun citta busasshiya irin ta Kaciya ya fi girma amma bai kai na wake cin wuya ba, ya san buhun gishiri in ya sha laima ya canja hali. Ya san sabon yaro daga ƙauye ba a sa shi saman mota ranar farko. Wani dattijo da nake gasawa ya taɓa ce mini, "Yaro, ba buhun farko ke karya mutum ba, wanda ya ɗauka yana tunanin an gama ne." Wannan ƙa'ida ce cikakkiya a kan gajiya da gaggawa, sai dai ba ta zo da lamba ba. Kuna da maganin haka: lissafin da Lotfi Zadeh ya kawo a 1965, wanda ya yarda abu ya zama "ɗan nauyi" ko "nauyi sosai" maimakon e ko a'a. Da shi za ku iya karɓar "ƙasa na ɗan santsi" da "rana ta take" daga bakin mai aikin, ku mayar da su abin da kwamfuta za ta yi aiki da shi. Ba wanda zai tsaya da tef yana auna digirin juya ƙugu tirela na jira.

Akwai abu ɗaya da nake ganin ya fi duk santimitocin nan ƙarfi, kuma da wuya a same shi a lissafin injiniya: yadda ake biyan kuɗi. Ɗan dako da buhu ake biyan sa, ba da wuni ba. Lissafi ya ce a rage yawan ɗagawa a minti, a huta tsakani, shi kuwa hutun nan daga tuwon 'ya'yansa za a cire shi. In aka ce a raba buhun 100 gida biyu, tambayarsa ta farko ita ce nawa za a biya kan rabin, don ya san tafiya ta ninka. Manhajar da ta ce "a huta minti goma" ba ta faɗi wanda zai biya minti goman ba, ɗan dako ne zai fara ƙin ta, kuma yana da gaskiya. Ku sa gurbin kuɗi a ciki. Ta iya nuna wa mai kaya cewa amalanke ko baro biyu, da dakalin da ya yi daidai da bayan mota, za su sa tirela ta tashi da wuri, ta kuma nuna wa 'yan dako abin da zai shiga aljihunsu a sabon tsarin kafin su ce sun yarda.

Rashin wannan lissafi na kuɗi shi ke tura su kemis. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi da gwamnatin Najeriya a 2018 ya nuna mutum kusan miliyan 4.6 na shan magungunan kashe zafi irin su taramol da kodin ba da umarnin likita ba. Ban ce dukkansu leburori ba ne. Amma na san abin da majinyatana ke gaya mini in mun saba: ba don maye suka fara ba, don a iya gama mota ne. Ƙwaya ta kashe zafin, mutum ya ci gaba da ɗora wa faifan da ya riga ya tsage.

Ku kuma kiyayi shawarwarin da ke da daɗin rubutawa. Ɗamarar baya da ake sayarwa, tun 1994 NIOSH ta ce babu isasshiyar hujjar cewa tana hana rauni. Koyar da "durƙusa da gwiwa, miƙe bayanka" shi kaɗai, nazarin da aka tattara daga gwaje-gwaje da dama bai nuna yana hana ciwon baya ba. Ni ma ina koyar da shi, don bai cutar ba, amma buhun da faɗinsa ya hana shi shiga tsakanin gwiwoyi ba a ɗaga shi da wannan salo. In manhajarku ta ƙare da "a wayar wa ma'aikata da kai", ta ɗora laifi a kan wanda bai zaɓi girman buhu ba, bai gina sito ba, bai sa farashin dako ba. Abin da za ta faɗa wa mutum a kan jikinsa kai tsaye kaɗan ne amma dole: in ƙafa ta fara mutuwa ko tana ja, in tsakanin cinyoyi ya dena ji, in fitsari ko bayan gida ya ƙi fita ko ya ƙi riƙuwa, ya bar komai ya tafi asibiti ranar, ba wurin mai ƙaho ba.

Wani tsoron kuma: kada a juya manhajar ta zama matatar ma'aikata. In kuka sa shekaru da tarihin ciwon baya a cikin tambayoyi, kuma ya kamata ku sa, wani mai kamfani zai iya amfani da amsar ya sallami dattawa ya ɗebo yara, buhu na nan yadda yake. Ku tsara ta yadda hukuncinta a kan aiki zai faɗa, sito kaza, layin lodi kaza, ba a kan Malam wane ba. Abin da ya shafi jikin mutum ya tsaya a wayarsa.

Ta fuskar doka ba zan tsawaita ba. Tun 1967 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ba da shawarar kada namiji baligi ya ɗauki abin da ya wuce kilo 55 shi kaɗai, kuma ilimin da aka samu daga baya ya nuna wannan ma ya yi yawa. Muna da Dokar Masana'antu ta 1987, muna da Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 da ta ɗora wa mai ɗaukar aiki zuba kashi 1 cikin ɗari na jimillar albashi a asusun inshorar ma'aikata na NSITF. A 2022 Najeriya ta amince da yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya mai lamba 187 kan inganta tsaro da lafiya a wurin aiki. Amma kasuwa ba masana'anta ba ce, kuma ɗan dakon da ake biya a tafin hannu sunansa ba ya cikin takardar albashin kowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya a 2020, kuma shi ne kan gaba wajen nakasa mutane a duniya. Rabon Kaduna a cikin wannan adadi sai an ƙirga. Manhajar da ke aiki a kasuwa, in tana ajiye abin da ta auna ba tare da sunan kowa ba, cikin shekara ɗaya za ta tara abin da za a ajiye gaban masu yin doka da kamfanonin da ke ƙunsa kaya a ce musu ga dalilin rage buhu.

Saura yadda za ta isa hannun mutane. Ta yi aiki a ƙaramar waya mai araha, ba sai da data ba. Ta yi magana da murya, da Hausar kasuwa, don da yawan masu aikin karatun allo suka yi, boko bai zauna ba. Tambayoyinta kada su wuce abin da shugaban 'yan dako zai amsa a tsaye: wane kaya, daga ina zuwa ina, mutum nawa, da ka ko da kafaɗa ko da baro, ƙasa a bushe ko a jiƙe, safe ko rana. In ta yanke hukunci ta faɗi dalili, don babu dattijon da zai canja yadda ya gaji aiki saboda waya ta nuna masa launi. Kuma ku gwada hukuncinta da abin da ke faruwa da mutane a zahiri, ku bi rukunin 'yan dako na tsawon lokaci ku ga ko inda ta ce ya fi haɗari nan ne aka fi jin ciwo. Daidaituwarta da wani lissafin littafi ba ta isa shaida ba.

Hatsi ya fi shigowa gari da kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, taki kuma gab da faɗuwar damina. Ku turo ɗalibai a waɗannan lokuta da tef da sikeli da agogo da ma'aunin zafi. Su fara gaida shugabannin kasuwa da na 'yan dako su nemi izini, kada su ɗaga waya su hau ɗaukar mutane hoto suna cikin zufa. Su auna buhunan da kansu, don wanda ake kira 100 ba kullum yake 100 ba. A sa kuɗin sallamar 'yan dakon da za a tsayar a yi wa tambayoyi cikin kasafin binciken tun farko, domin duk mintin da suka ba ku buhu ne suka bari. In kuna buƙatar wanda zai duba bayan waɗanda suka yarda, kafin a fara da bayan an gama, akwai mu da yawa a sassan gashin ƙashi na asibitocin garin nan da za mu ba da ranakun Asabar ɗinmu.

Wassalamu alaikum.

Naku,
Wani ma'aikacin gashin ƙashi,
Tudun Wada, Kaduna.